Zaɓen Kayan Kwalliya: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Gabatarwa

Ado da kwalliya ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa Bahaushiya ta san lalle da kwalli da shuni da katambiri, ta san man kaɗe da man shanu da alayyadi, ta kuma san sabulun salo da soso da dutsen goge kaushi. Amarya ba ta tarewa sai an sa ta a lalle, haka kuma mai jego ba ta fita taron suna sai ta sha kitso da ƙunshi. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne inda kayan suke fitowa da kuma abin da ake nema da su. A da, akasarin kayan gyaran jiki daga daji da gona da madafi suke fitowa, kuma mai amfani da su ta san abin da ke cikinsu domin sau da yawa ita ce ta haɗa su da hannunta. A yau kuwa kasuwa ta cika da kwalabe da robobi masu ɗauke da rubutun da mai saye ba ta iya karantawa, wasu ma babu rubutun ko kaɗan.

Da illar wasu daga cikin mayukan kanti ta fara bayyana a fuskokin jama'a, sai aka shiga ɗokin abin da ake kira kayan oganik, wato waɗanda aka ce an yi su da tsirrai zalla. Wannan juyi abin so ne, amma yana tattare da tarko. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, komawa ga kayan gyaran jiki na asali ita ce hanya mafi dacewa ga lafiya da aljihu da muhalli, da sharaɗin a yi komawar da ilimi. Suna kaɗai ba ya tsarkake kaya, ko da sunan na gargajiya ne ko na oganik.

Abin Da Ya Kori Mutane Daga Mayukan Kanti

Babban abin da ya zubar da mutuncin mayukan kanti shi ne bilicin. Wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan sauya launin fata. Asalin wannan adadi daga wani bincike ne da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, saboda haka ba lallai ne ya zama hoton kowace jiha ba. Duk da haka, wanda ya halarci bikin aure a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ba ya buƙatar alƙaluma kafin ya yarda cewa al'amarin ya yi yawa. A shekarar 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a faɗin ƙasa.

Domin a gane illar, ya kamata a fara sanin aikin launin fata. Baƙin da ke jikin mutum ya samo asali ne daga wani sinadari da fata ke samarwa mai suna melanin, wanda aikinsa shi ne tare zafin hasken rana kada ya lalata ƙwayoyin fata. Ga mutumin da ke zaune a yankin da rana ke dukan ƙasa kusan duk shekara, wannan sinadari garkuwa ne. Mayukan bilicin suna aiki ne ta hanyar hana fata samar da shi, kuma abubuwa uku aka fi samu a cikinsu.

Na farko shi ne haidurokwinon. Likitocin fata suna amfani da shi na ɗan lokaci, da awo, wajen maganin tabo. Idan aka daɗe ana shafa shi a jiki duka, sai ya juya ya haifar da baƙaƙen tabo masu kauri a kumatu da goshi da wuya, waɗanda suke da wuyar magani ƙwarai. Na biyu shi ne sitiroyid, wanda asalinsa maganin kumburi da ƙaiƙayi ne. Yawan shafa shi yana sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, yana kawo nankarwa da ƙuraje da makero, yana hana rauni warkewa da wuri, kuma idan ya ratsa cikin jini yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na uku, wanda ya fi su haɗari, shi ne zaiba. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyin jiki, tana ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta, tana kuma bin ruwan nono. Hatta wanda bai shafa ba yana iya ɗaukarta daga tawul ko zanen gadon da ya haɗa da mai shafawa.

Duniya ta san sharrin zaiba tun daga abin da ya auku a garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano wata cuta a shekarar 1956, daga baya aka tabbatar cewa dagwalon wata masana'anta ne ya gurɓata kifin da mutane ke ci, ya nakasa wasu, ya kashe wasu. Da sunan wannan gari aka ƙulla yarjejeniyar ƙasa da ƙasa a 2013, wadda ta fara aiki a 2017, kuma a 2023 ƙasashen da ke cikinta suka amince a hana sanya zaiba a kayan kwalliya baki ɗaya daga 2025. Wasu ƙasashen Afirka sun ɗauki nasu matakin: Afirka ta Kudu ta hana haidurokwinon a kayan kwalliya tun 1990, Kwaddibuwa ta haramta mayukan bilicin a 2015, Ghana kuma ta bi sahu a 2016. A Nijeriya ma ƙa'idojin NAFDAC sun haramta zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya. Sai dai doka a takarda daban, abin da ke kan tebur a kasuwa daban.

Tarkon Sunan Oganik

Masu sayar da kaya sun fi kowa saurin gane inda iska ta kaɗa. Da suka ga mata sun fara tsoron bilicin, sai suka sauya masa riga. Yanzu a manyan kasuwanni da shafukan Facebook da Instagram da TikTok ana tallar “haɗin oganik” da aka ce an yi shi da karas da kurkur da zuma da madara, ana kuma alkawarin cewa zai sa mace ta yi fari cikin mako ɗaya ko biyu. A nan ne ya kamata mai hankali ta tsaya ta yi tunani. Babu wani karas ko kurkur ko zuma da ke mayar da baƙar mace fara. Abin da waɗannan za su iya yi shi ne su sa fata ta yi laushi da sheƙi. Duk haɗin da ya sauya launin mutum cikin 'yan kwanaki, to sau da yawa akwai ɗaya daga cikin sinadaran can uku a cikinsa, ko da an zana ganye goma a jikin robar. Irin wannan haɗi ya ma fi na kamfani haɗari, domin mai haɗa shi ba ta da ma'auni, ba ta da ɗakin gwaji, ba ta kuma rubuta abin da ta zuba ba. Mafi muni shi ne yadda wasu iyaye suka fara shafa wa ƙananan yara, alhali fatar yaro ta fi ta babba saurin tsotse abin da aka ɗora mata.

A ma'anarta ta asali, kalmar oganik tana nufin amfanin gonar da aka noma ba tare da takin zamani da maganin feshi ba, kuma wata hukuma ta bincika ta ba da shaida. A fagen kayan kwalliya kuwa kalmar ta zama ta kowa. Hatta a Amurka, hukumar da ke kula da abinci da magunguna ba ta ajiye wata ma'ana ta doka ga kiran kayan shafa “na asali” ba. Idan haka abin yake a inda ake da tsauraran matakan bincike, ina ga robar da aka cika a bayan shago? Irin wannan kaya shi ne Hausawa ke kira kyan ɗan maciji.

Dukiyar Da Ke Ƙofar Gida

Abin mamaki shi ne, kayan da kamfanonin Turai da Amurka ke alfahari da sanyawa a mayukansu masu tsada, da yawansu a nan suke tsirowa. Misali mafi girma shi ne man kaɗe. Itacen kaɗanya ba ya fitowa a ko'ina a duniya sai a wani zirin ƙasa na Afirka da ya taso daga Senegal ya bi ta Mali da Burkina Faso da Ghana da Nijeriya har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan wannan itace, musamman a jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Bature matafiyi Mungo Park, wanda ya ratsa yankin kogin Kwara a ƙarshen ƙarni na 18, ya yi bayanin wannan mai tare da yaba shi, har masana tsirrai suka taɓa laƙaba wa itacen sunansa.

Aikin man kaɗe aikin mata ne tun daga farko har ƙarshe. Su ne ke fita da sassafe a farkon damina su tsinto 'ya'yan da suka faɗo, su cire ƙwallon su dafa, su shanya, su fasa, su daka, su soya, su niƙa, sannan su yi ta bugun ƙullun da ruwa har man ya taso, su kwashe su tafasa shi ya tsarkaka. Man da aka samu ta wannan hanya yana riƙe damshin fata, yana maganin kaushi da faso da bushewar leɓe a lokacin hunturu, yana kuma tausasa gashi. Matar da ta sayi man kaɗe na ƙwarai ta san abu ɗaya ne a cikinsa, kuma kuɗinta ya tafi hannun wata mace a ƙauye. Shekara da shekaru ana fitar da ƙwallon ɗanye da araha, a sarrafa shi a waje, a dawo da shi cikin kwalba da tsada. Wannan ne ya sa a watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na tsawon wata 6, domin a ƙarfafa sarrafa shi a cikin gida.

Bayan man kaɗe akwai sabulun salo, wanda ake yi da ruwan toka da mai, akwai man riɗi da man aduwa da na zogale, akwai ganyen darbejiya da ake wanka da shi saboda ƙuraje. Akwai dilka da halawa, waɗanda suka shigo daga Sudan ta hanyar Barno suka zama ginshiƙin gyaran amare. Akwai kuma lalle, wanda ake nomawa a gonakin Arewa, yake ƙawata hannu da ƙafa ba tare da ya taɓa lafiyar mafi yawan masu amfani da shi ba.

Na Gargajiya Ma Sai An Tace

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba duk abin da aka gada daga kakanni ne ya kuɓuta daga illa ba. Kwalli shi ne babban misali. Yawancin dutsen da ake niƙawa a yi kwalli da shi dutsen dalma ne, dalma kuwa guba ce da ke daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wani adadinta da masana suka ce ba shi da illa. A shekarar 2012 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bincika, sai aka tarar daga tozalin da aka kawo daga Nijeriya ne ake sa masa a ido, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan tozali dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, ta haka gubar ke shiga cikinsa. Al'ummar da ta ga yadda dalmar da ta fito daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ta da uzurin ɗaukar wannan magana da wasa. Ɗaɗewar al'ada ba ta mayar da guba magani.

Haka nan lalle. Lalle na gaskiya ja ne ko ruwan goro, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya kama. Baƙin zanen da ke kamawa cikin 'yan mintoci ba lalle ba ne, dayis ne, wato rinin gashi mai ɗauke da sinadarin da ake kira PPD, wanda ke sa fatar wasu ta kumbura ta yi bororo, ta bar tabo daidai da siffar zanen. Ko lallen na gaskiya ma bai dace a shafa wa jarirai ba, domin akwai yaran da ake haifa da wani rauni na gado a jini wanda lalle kan sa jajayen ƙwayoyin jininsu su farfashe. Sabulun salo idan ruwan tokarsa ya yi yawa yakan ƙone fuska. Lemun tsami da wasu ke shafawa su shiga rana yakan bar baƙin tabo. Man kaɗen da aka shanya ƙwallonsa a ƙasa mai damshi, ko aka ajiye shi a buɗe, yakan yi ɗoyi ya lalace.

Hujjojin Masu Wani Ra'ayi

Masu kare kayan kanti suna cewa na gida ba su da awo, ba su da tsabta, wasu kuma suna da wari. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga masana'anta mugu ne. Basilin daga ɗanyen man fetur ake samo shi, amma yana cikin mayukan da likitocin fata suka fi amincewa da su. Man kare fata daga zafin rana, wanda zabiya ba shi da abin da ya fi shi buƙata, a masana'anta ake yin sa. Amma maganin rashin awo da tsabta shi ne a inganta sana'ar, a koya wa masu yin ta tacewa da aunawa da zubawa a mazubi mai kyau, kamar yadda ƙungiyoyin mata masu man kaɗe suka yi a arewacin Ghana da Burkina Faso har kayansu suka shiga kasuwannin duniya.

Wasu kuma suna cewa jikin mace nata ne, kuma ba ta shiga bilicin ba sai da ta ga abin da maza ke so. Kashi na biyu na wannan magana ya fi na farko nauyi. Al'ummar da ke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, wadda finafinanta da tallace-tallacenta suka fi fito da farare, wadda samarinta ke sanya mayukan bilicin a cikin lefe, ba ta da bakin zargin yarinyar da ta bi abin da aka nuna mata. Saboda haka gyaran ba na mata kaɗai ba ne, musamman da yake maza ma sun shiga shafe-shafen. Amma batun cewa jikinta ne, ai zaibar da ta shafa ba ta tsayawa a jikinta, tana kaiwa ga ɗan da take goyo da mijin da suke kwana ɗaki ɗaya.

Haƙƙin Muhalli

Zaɓen kayan kwalliya yana da nasaba da ƙasa da ruwa da itatuwa. Abin da aka shafa da safe ana wanke shi da yamma, ya bi kwata ya shiga rafi. Zaibar da ta isa ruwa tana taruwa a jikin kifi, ta dawo cikin tukunya. Wasu sabulan goge fuska suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin roba da ba sa narkewa, abin da ya sa Amurka ta kafa dokar hana su a 2015, Ingila kuma ta hana su a 2018. Robobi da ledojin da ake yarwa bayan man ya ƙare suna cikin tarkacen da ke toshe magudanun ruwa a birane da damina.

A ɗaya ɓangaren, itacen kaɗanya kansa yana cikin haɗari. Yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, yana kuma iya rayuwa fiye da shekara 200, amma mai yin gawayi yana kayar da shi cikin yini ɗaya saboda gawayinsa yana da ƙarko. Duk itacen da aka sare, an yanke wa matan ƙauye hanyar samun kuɗi ta tsawon zuriya biyu ko uku, an kuma buɗe wa hamada ƙofa. Idan man kaɗe ya yi daraja a kasuwa, manomi zai ga cewa itacen a tsaye ya fi masa amfani a kan buhun gawayi. Ta wannan fuska, mai sayen man kaɗe na gida tana taimakawa wajen tsare daji ko da ba ta sani ba.

Yadda Ya Kamata A Yi Zaɓe

Mai saye tana da 'yan ma'aunai da za ta riƙe. Ta fifita kayan da abubuwan da ke cikinsu ba su da yawa kuma ta san su. Idan na kamfani ne, ta duba jerin abubuwan da aka haɗa, da sunan kamfanin da adireshinsa, da lambar rajistar NAFDAC, da ranar da zai daina aiki, tare da sanin cewa akan yi jabun lamba, don haka wurin da aka saya ma abin dubawa ne. Ta guji duk haɗin da ba shi da rubutu, da duk wanda ya yi alkawarin fari. Kafin ta shafa sabon abu a fuska, ta ɗiga kaɗan a cikin dantsenta ta jira kwana 2 ta ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi. Ta nisanta jarirai daga kwalli da lalle da duk wani mai mai ƙamshi ko launi. Wadda kuma ta riga ta daɗe tana shafa mai mai sitiroyid, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin fatar takan yi bore. Ta nemi likitan fata ya tsara mata yadda za ta janye a hankali. A ƙarshe ta tuna cewa araha ba ta ado, kuma tsada ma ba shaidar inganci ba ce.

Hukumomi suna da nasu aikin, wato binciken kasuwanni da shafukan intanet, da hukunta masu haɗa guba, da sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a hanyar yin rajista. Malaman makaranta kuwa suna da damar da babu mai irinta, domin a gabansu 'yan mata ke kaiwa shekarun da ake fara duba madubi. Malamar da ta hana a yi wa ɗaliba ba'a saboda baƙinta, ta kuma bayyana wa aji aikin da launin fata ke yi wa jiki, ta yi rigakafin da ya fi magani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa rigimar ba tsakanin tsoho da sabo take ba. Akwai guba a kwalbar kanti, akwai ta a tandun kwalli, akwai ta kuma a robar da aka rubuta wa oganik. Haka nan akwai alheri a man kaɗen ƙauye da kuma wasu kayan masana'anta. Abin da ke raba su shi ne sanin abin da ke ciki da kuma manufar shafawa. Kayan da aka yi domin su tsabtace fata, su tausasa ta, su kare ta, sun cancanci a saya, kuma mafi yawansu suna nan kusa da araha. Waɗanda aka yi domin su kankare launin da aka haifi mutum da shi ba su cancanci ko kwabo ba, komai sunan da aka ba su. Ana iya sauya zane da ɗankwali kullum, amma fata guda ɗaya ce daga haihuwa har mutuwa. Hausawa dai sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.